Katunan Kawu, Bugun Waje

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. An yi masa salla a Haramin Madina bayan Azahar, maza suka wuce da shi maƙabartar Baƙi'a, mu mata muka koma gida unguwar Bani Harisa muna jiran su dawo su ce an gama. Mace ba ta shiga Baƙi'a, kuma ba a rubuta suna a kabarin can. Da na tambayi maigidana ta wane gefe aka sa shi, sai ya ce, "Can ciki, wajen hagu." Iyakar abin da zan taɓa sani ke nan game da inda Kawu yake kwance.

Ban bari zuciyata ta huce ba kafin in zauna rubuta wannan, kuma da gangan ne. Idan na huce zan fara nema wa mutane uzuri, ni kuwa ba na so.

Kwana uku aka yi ana zaman aza, wato zaman makoki, maza a kan kujeru a layi, mata a cikin gida. Mace za ta shigo ta ce, "Azzamallahu ajrakum," ta karɓi gahawa da dabino, kafin kofin ya huce ta soma. Wata maƙwabciyarmu, 'yar asalin Chadi, ta ce, "Wallahi mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga murya a layin nan ba. Sai dai, ya'ani, wannan wasan yaran da ya riƙe har furfura." Ta kusa da ita ta ce, "Au, shi ne mai kartar nan?" Aka ce mata ba karta ba ce, hotunan Nasara ne masu hula da sanda. Wata daga cikin surukanmu na unguwar Khalidiyya ta ja mayafi ta rufe baki, amma ina ganin kafaɗunta na rawa. A waje ma, in ji maigidana, addu'ar da ta fi yawa ita ce, "Allah ya jiƙan mai katuna." Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa alhazai zuwa Ƙuba da Uhudu, yana goya tsofaffi a bayansa ya hau da su mota, ba wanda ya tuna da wannan. Dariyar da suka saba yi masa da ransa, ita suka kawo gidan makokinsa.

Ina zaune ina jin su, maganar da ya yi mini a asibiti tana cina. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗiyata, akwatin nan, kada ki bari a raba shi. Kada a wulaƙanta mutanen ciki." Na ce to. Ni kuwa 'yar ƙanwarsa ce. Yana da mata, yana da 'ya'ya maza, a gadonsa ba ni da ko allura. Ya ɗora mini amanar abin da ba ni da ikon taɓawa, ya tafi.

Akwatin ƙarfe ne, shuɗi, irin na alhazan da. A cikinsa akwai katunan 'yan wasan besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefo ƙwallo a doke ta da kulki. Kowane kati bai wuce tafin hannu ba, hoton ɗan wasa a gaba, rubutu a baya. Mahaifin Kawu da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya ratso Chadi da Sudan, a hanya aka haifi Kawu. Da Kawu ya zama saurayi ya tafi gabashin ƙasar nan, wajen masu haƙar mai, aka ba shi aikin gyaran filin da Amurkawa ke wasa. Shi ke jan manjagara a kan yashi, shi ke zuba farar ƙasa a layi. 'Ya'yan Amurkawan suna sayen cingam su ciro katin da ke ciki, wanda ya maimaitu su jefar, shi kuma ya tsince. A nan ya haɗu da wani ma'aikaci ɗan Benezuwela, wanda ya zaro wani kati daga walat ɗinsa ya ce masa wannan a ƙasarsu aka buga shi. Kawu ya ce daga ranar katin Amurka ya daina burge shi.

Ni da rasuwar mahaifiyata aka kawo ni gidansa daga Sudan, ina yarinya, Larabcin Madina yana yi mini sauri, yaran gidan suna kwaikwayon maganata. Duk Juma'a bayan La'asar Kawu zai wanke hannu da sabulu, ya shanya su a iska don ba ya yarda da tawul, ya shimfiɗa farin ƙyalle ya buɗe akwatin. Da Hausa zalla yake magana in yana kan katunan. 'Ya'yansa suna ji, amma da Larabci suke amsawa, ba a jima ba su sulale su fita ƙwallo. Ni ce ke zama, don a duk gidan nan ne kawai ake yi mini magana irin ta uwata.

Ranar da ya fara koya mini, kati biyu ya ajiye a gabana. Mutum ɗaya ne a jiki, hoto ɗaya, hula ɗaya. Na dama yana sheƙi, takardarsa mai kauri, kusurwoyinsa a tsaye. Na hagu ya dushe, takardarsa kamar ta ƙunshin sukari, bayansa duk tabon gam.

"Wanne ya fi daraja?"

Na nuna mai sheƙi. Ya yi dariya har da tari. "Idon kasuwa gare ki," in ji shi. "Wannan a Amurka aka buga shi, sun buga kamar yashi, takarda mai kyau, kowane gida an adana. Wannan kuwa a Benezuwela. Kaɗan suka buga, takardar ba ta da ƙarko, yara suka manna su a littafi da gam, damina ta cinye saura. Wanda ya tsira, da ƙyar ya tsira. Ki duba ajwa cikin dabino. Ƙarama ce, baƙa, a yamutse, amma je ki kasuwa ki tambaya."

Bai yarda in ɗauka cewa duk bugun waje ne mai tsada ba. Na Kanada, masu Faransanci a baya da gefe mai kaushi, ya ce tafiyarsu ɗaya da na Amurka, wani lokaci su ɗara kaɗan, wani lokaci su gaza. Na Japan ƙanana ne masu kauri, yaran can suna maka su da ƙasa a wasa, kuma a lokacin masu saye ba su waiwaye su ba don ba su san 'yan wasan ba. "Ba su da kasuwa," yakan ce, "amma suna da ni." Na Kuba su ne tsofaffi, 'yan ƙalilan, su ko numfashi ba ya so a yi a kansu. Yakan ƙara da cewa babban ɗan wasa a kati mai tsabta ya fi wanda ba a sani ba ko a ina aka buga shi. Duk wannan a bakin alhazai ya koya, da wata mujalla da wani alhajin Kanada kan riƙo masa in ya zo Umara.

Bai taɓa sayen kati da kuɗi ba. Da dabino yake ciniki. In ya ɗauki alhazai a mota sai ya bi su da tambaya ƙasarsu, in ya ji Benezuwela ko Kanada ko Japan, ya samu aboki ke nan. Zai je har Khaibar ya zaɓo dabino, ya cika kwali, ya kai wa mutum masauki ya ce in Allah ya sa wani naka zai zo baɗi, ga abin da nake so. Da yawa sun ci dabinon sun manta. Inna, matarsa, takan ce, "Ka ciyar da rabin duniya don takarda." Shi kuma ya ce wanda ya manta ai sadaka ya ci. Faɗansu na kowace bazara a kan mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya da gidan ke da ita a lokacin. Inna ta ce mutane na gasuwa a falo, akwati na shan sanyi a ɗaka. Ta yi ta mita, amma ita ce ke ɗaga akwatin ta share ƙarƙashinsa, ba ta yarda kowa ya yi.

Faɗan da bai warke ba shi ne nasa da Yaya, babban ɗansa. Lokacin da Yaya ke neman aure a Khalidiyya, ranar da iyayen yarinyar za su zo ganin gida, ya sami Kawu ya ce, "Abuya, don Allah ka ɓoye sandukin nan. Kuma yau ban da Hausa. Aibi ne, za su ce gidan Takarna ne." Takarna shi ne sunan da ake kiranmu da shi a nan in ana so a tuna mana daga inda kakanninmu suka fito. Baƙi suka zo, aka sha gahawa, sai Kawu ya ƙwala mini kira da Hausa, da ƙarfi, ya ce in kawo akwati. Ya shimfiɗa ƙyallensa a gaban surukai ya ɗauko na Benezuwela ya nuna musu tabon gam. "Ni ma bugun waje ne," ya ce musu da Larabci. "Takardar ɗan ƙasa tana aljihuna, amma a hanya aka haife ni. Wanda zai ba mu 'yarsa ya san gidan da za ta shiga." An yi auren. Amma Yaya bai yafe ba, suka yi wata guda tsakaninsu sai sallama, kuma tun daga nan ko kallon akwatin ba ya yi.

Sau ɗaya na ga Kawu ya rabu da kati. Wani dattijo ne, asalinsa Balaraben Sham amma a Benezuwela ya girma, Kawu ya kawo shi gida cin abinci. Da aka buɗe akwatin, mutumin ya ɗauki wani kati ya juya bayansa ya shinshina, sai hawaye. Ya ce irinsa ya manna a littafinsa yana yaro, a shagon mahaifinsa. Kawu ya naɗe katin a takarda ya sa masa a aljihu. Bayan ya tafi na yi ta masifa, don yana cikin waɗanda Kawu ya fi ji da su. Ya ce, "Gida ya koma, ɗiyata. Bayarwa daban, watsarwa daban."

Yanzu in dawo kan zaman makoki. A rana ta biyu wata mata ta zo, ba danginmu ba ce, irin waɗanda duk gidan da aka yi rasuwa sai sun je sun yi nasiha ko ba a gayyace su ba. Ta ji ana zancen katuna, ta matsa kusa da Inna ta dafa gwiwarta. Ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoto. Ta ce a lahira za a ce wa Kawu ya hura wa kowane ɗaya rai, kuma ba zai iya ba. Ta ce, "Ya Hajiya, ki taimaki mijinki, yana cikin ƙunci yanzu haka." Ni ba malama ba ce, ba na jayayya da hukunci. Amma Kawu bai zana kowa ba, kuma ko da gaskiya ce tsantsa, ba a faɗa wa tsohuwar da aka binne mijinta jiya haka. Na ce mata, "Baiwar Allah, kin leƙa kabarin ne?" Mata suka yi caa a kaina, wai in ji tsoron Allah, gidan aza ne. Ta shanye gahawarta ta tafi, ta bar Inna da maganar.

Washegari da hantsi na kai wa Inna shayi na tarar ta kulle ƙofa. Da ta buɗe, akwatin na kan gado, farin ƙyallen a shimfiɗe. Ta ma wanke hannu, na ji ƙamshin sabulun. A nan ƙasar, a littattafan makaranta, akan ja layi a wuyan duk wani hoto, wai an raba kai da jiki, ya daina zama sura. Abin da Inna ke yi ke nan. Ba ta sami alƙalami ba, sai ta ɗauko tandun kwallinta, tunda mai takaba ba ta sa kwalli. Da tsinken kwallin take bin su ɗaya bayan ɗaya, layi siriri a wuyan kowa, tana cewa, "Ku yafe masa, ku yafe mini."

Wa zan yi wa ihu? Tun rasuwar ba ta ci abin kirki ba, idanunta sun faɗa. Na duba layukan na ga garin kwalli ne kawai a kan takarda, bai shiga ciki ba. Kawu kan cire datti a kati da lallausan cikin burodi, ya mulmula shi ya riƙa dannawa a hankali. Na ce a raina bari a watse, in roƙi Yaya ya bar akwatin a ɗakin Inna, in bi su a nutse in cire. Har na ji sanyi, don na san Yaya ba ya son akwatin, ba zai yi mini rowar abin da yake jin kunyarsa ba.

A yammacin nan ne wani tsoho ya iso daga gabas, abokin aikin Kawu tun zamanin manjagara. Maigidana yana wurin. Ya ce tsohon ya yi ta'aziyya, ya share hawaye, sannan don ya kare mutuncin abokinsa a gaban masu murmushi ya ce, "Ku kuna ganin wasa ne. Wallahi cikin na Benezuwelan nan akwai wanda shi kaɗai zai sayi mota." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, Allah ya sani. Maigidana ya ce nan take layin kujerun ya yi tsit. Wanda ɗazu ya ce "mai katuna" sai ga shi yana cewa marigayi mutum ne mai hangen nesa. Wani ya ce shi dama ya daɗe da sanin tsohon nan ba banza yake ba. Kafin Isha labari ya shigo cikin gida, surukar nan mai rawar kafaɗa ta zo ta zauna kusa da ni tana tambaya ko katunan suna da yawa. Shekara da shekaru suna yi masa dariya, magana ɗaya ta mota ta mai da shi mai hikima. Wannan girmamawar ta fi dariyar ƙona mini rai.

Da safe na zo gidan, tun daga ƙofa ƙamshin kolonya ya buge ni, turaren nan mai ruwa-ruwa da ake zuba wa baƙi a hannu. Na bi ƙamshin zuwa falon maza. Yaya na zaune a kan kafet, akwatin a kife, ba ƙyalle, ba komai. Ya karɓo shi daga ɗakin Inna bayan Asuba, ya ga layukan, hankalinsa ya tashi. Wani ya taɓa gaya masa kolonya na cire tawada. Ya ware na Amurka gefe, ya fara da na Benezuwela da na Kuba tunda su aka ce masu tsada. Yana jiƙa auduga yana gogawa. Takardar da damina ma ba ta bari ba, ina za ta iya da kolonya? Layin ya tafi, fuskar ta bi shi. Hula na nan, riga na nan, kulki na nan, tsakaninsu farin tabo. Kuma bai tsaya a na farko ba. Gani yake na gaba zai yi kyau in ya rage ƙarfi, haka ya yi ta bi har ya kusa gamawa da su.

"Yaya! Me ka yi?"

"Ina gyarawa ne," in ji shi. "Ummi ce ta ɓata su, ina gyarawa."

"Kwalli ne! Gari ne! Da burodi ake cire shi! Kullum ina gidan nan, me ya hana ka tambaye ni?"

"Ke a wa? Halas, mirasinmu ne, ba naki ba."

Gaskiya ya faɗa, gadonsu ne. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon nasa ne. Ya dubi audugar da ta rine a hannunsa, ya dubi tulin da ke gabansa, sai ya fashe da kuka. Maigidana ya ce ko a bakin kabari Yaya bai zubar da hawaye ba. Ya ɗago ya ce mini, "Kin san nawa ya tafi a nan?" Na ce masa ni wanda ya tafi na sani, kuma yau kwanansa huɗu a Baƙi'a. Na faɗa masa wasu maganganun da ba zan rubuta ba, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Kafin Azahar ƙannensa sun zo, an raba. Na Amurka da na Kanada aka zuba a leda za a kai wa wani a Jidda ya gani. Na Japan, da aka ji ba su da kasuwa, aka miƙa wa jikoki, na gan su a tsakar gida suna watsa su sama. Akwatin kansa matar Yaya ta ce zai yi mata amfani. Waɗanda suka rasa fuska ne kawai ba mai so, Yaya ya ture su da gefen ƙafa ya ce in kwashe in ina so. Na durƙusa na tattara su a mayafina. Abu biyu Kawu ya roƙe ni, kada a raba, kada a wulaƙanta, kuma a gabana aka yi duka biyun.

Ina fitowa Inna ta kira ni, ta ji ihun. Na shiga ina ƙoƙarin ɓoye abin da ke mayafina, ta ce in nuna mata. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da idonta, ta daɗe tana kallon farin tabon. Ina jira ta yi kuka. Sai na ga fuskarta ta saki, irin sakin da ban gani ba tun ranar asibiti.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Dama ina ta tunani layin nan nawa ya yi siriri, ko ba zai isa ba. Allah ya yi wa yaron nan albarka." Ta riƙo hannuna. "Ke kika fi kowa sanin abin nan. Yanzu ba wanda zai ce masa ya hura musu rai, ko? Ya samu sauƙi?"

Duk abin da ke bakina na haɗiye. Na ce, "Ya samu sauƙi, Inna."

Ta ce in ɗumama mata shinkafar jiya, yunwa take ji. Na ɗumama, ta cinye tas.

Allah ka yalwata wa Kawu makwancinsa, ka karɓe shi da sunansa, kai da ka san inda yake kwance. Ka ba Inna haƙuri. Ni kuma ka huce mini zuciya in lokaci ya yi, don har yanzu bai yi ba.